Laƙabi ko suna? Sharhi kan yadda laƙuban Yesu suka shigo Hausa

1. Gabatarwa

A garuruwa irin su Tsibiri da Maraɗi da Galmi, ba abin mamaki ba ne a sami zuri'a guda wadda wasu ƴaƴanta Musulmi ne, wasu kuma Kirista. In aka yi rasuwa ko ɗaurin aure a ɓangaren Kiristan, dangi duka sukan hallara, a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta da babbar murya, kowa yana saurare. Kalmomin da ke faɗawa kunnen jama'a a irin wannan zama ba baƙi ba ne ga kowa: Almasihu, Ubangiji, Ɗan Allah, Ɗan Mutum, Kalma. Tambayar da ta sa muka rubuta wannan takarda ita ce: me kowane ɓangare yake ji in an furta su, kuma yaya abin da ake ji ya dace da abin da koyarwar Kirista take nufi da su?

Ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci kan aƙidar kowa. Abin da ya shafe mu shi ne aikin fassara, wato ko kalmar Hausa ta ɗauki kayan da aka ɗora mata, ko ta zubar da su a hanya. Ra'ayin da aka saba ji shi ne, kalmomin da aka aro daga Larabci su ne gada tsakanin al'ummomin biyu, kalmar ɗa kuwa ita ce tushen rashin fahimta. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ta fuskar ilimin ma'ana lamarin ya kusa zama akasin haka. Kalmomin aro suna ɓoye saɓanin da ke akwai domin kowa ya saba da su, kalmomin Hausa na asali kuwa su ne suka fi kusa da faɗin ma'anar da ke cikin Helenanci da Ibrananci.

2. Fassarorin da muka duba

Aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ya fara ne da J. F. Schön, wanda ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857. Schön ya dogara ƙwarai da bakin Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, kuma Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyinsa. Wannan fassara ce ƴan mishan na SIM, waɗanda suka sauka Zinder a 1924 kafin su kafa tasha a Tsibiri, suka yi ta aiki da ita shekara da shekaru. Sai fassarar 1979 ta ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka yi da Hausa mai sauƙi, sannan wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa, da ta cika a 2020.

Duk waɗannan an shirya su ne a wajen Nijar. Mai karatu a Tawa ko Dogonduci yana karanta Hausar da ba ta bakinsa ba, in kuma ya yi lakwal, yana riƙe da fassarar Faransanci a ɗaya hannun, galibi ta Louis Segond ta 1910. Don haka za mu riƙa waiwayar Faransanci inda kwatanci zai yi amfani.

Abu ɗaya da fassarorin 1932 zuwa yau suka yi tarayya a kai shi ne sunan yanka: Yesu, ba Isa ba. Yesu ya bi Helenanci Iesus, wanda shi ma daga Ibrananci Yeshuwa yake, kuma Kiristocin Larabawa da kansu Yasu'u suke cewa. Ba za mu tsaya kan wannan ba, domin sunan yanka yana nuna mutum ne kawai. Laƙabi kuwa magana yake yi game da mutumin, shi ya sa fassararsa ta fi wuya.

3. Almasihu da Kristi

A Ibrananci mashiyah na nufin wanda aka shafa wa mai. Haka ake naɗa sarki da babban firist a Isra'ila ta dā: Sama'ila ya zuba wa Saul mai a ka, daga baya ya yi wa Dawuda haka. Kalmar ba ta keɓanta ga mutum guda ba, har Ishaya 45:1 ya kira Sairus sarkin Farisa da ita, alhali ba Bayahude ba ne. Bayan da sarautar gidan Dawuda ta faɗi ne kalmar ta soma ɗaukar ma'anar sarkin da ake jira. Yahudawan da suka juya littattafansu zuwa Helenanci tun kafin zamanin Yesu ba su ari kalmar ba, fassara ta suka yi da kristos, daga aikatau mai ma'anar shafawa. Sau biyu kacal Sabon Alkawari ya kawo siffar aro mesiyas, a Yahaya 1:41 da 4:25, kuma duka biyun marubucin ya bi ta da fassara nan take.

Fassarar 1932 ta ɗauki Kristi, ta 1979 ta ɗauki Almasihu, ta 2020 ta koma ga Kiristi. Duka aro ne, babu wadda Bahaushe zai iya feɗe ta ya ga abin da ke ciki. Mu duba waɗannan misalai namu:

(1) Mamman shi ne ciroma.
(2) Ciroma Mamman ya iso.
(3) Mamman Ciroma ya ci jarrabawa.

A (1) ciroma muƙami ne, jimlar tana ba da labarin da za a iya gaskatawa ko a musa. A (2) laƙabi ne da ke rakiyar suna. A (3) ya zama suna zalla, mai shi yana iya zama ɗan makarantar da bai taɓa shiga fada ba. Wannan tafiya daga (1) zuwa (3) ita ce kristos ta yi. Gaskiya ne tun cikin wasiƙun Bulus ta kama hanyar, kuma marubucin Rum Tasitus ya ɗauke ta a matsayin sunan mutum kawai. Amma a Linjila da Ayyukan Manzanni har yanzu tana mataki na (1). Amsar da Bitrus ya bayar a Markus 8:29, da muhawarar da Bulus ya yi da Yahudawan Tasalonika a Ayyukan Manzanni 17:3, duka iƙirari ne cewa wannan mutum shi ne mai wancan muƙami. Wanda ya san Kristi a matsayin sunan Yesu na biyu, in ya ji waɗannan wurare, sai ya ga kamar ana gardama ne a kan ko mutum shi ne kansa.

Ana iya zaton Almasihu ta warware matsalar, tunda saiwarta ta Larabci, m-s-h, ƴar'uwar ta Ibrananci ce, kuma ita ce ta shafar kai a alwala. Sai dai kalmar ta shigo Hausa ne a dunƙule, da al- ɗinta da wasalin ƙarshe, kamar alƙali da almajiri, irin rukunin aro na malamai da Greenberg ya bambanta da tsohon rukuni na su liman da lada tun 1947. A Alƙur'ani ta zo sau 11, kullum game da Annabi Isa ɗan Maryamu, kuma ba a bayyana ma'anarta ba. Malaman tafsiri sun kawo bayanai dabam-dabam: ko don yana shafar marasa lafiya su warke, ko don an shafe shi da albarka, ko don yawan tafiyarsa a bayan ƙasa. Babu batun sarautar gidan Dawuda a ciki. Hadisai ma sun ba Dujal wannan laƙabi, da ƙarin siffar maƙaryaci.

Akwai ƙari. A tunanin Musulmin ƙasar Hausa, gurbin shugaban da ake jira ya zo ya kawar da zalunci ba na Almasihu ba ne, na Mahadi ne. Da sunan Mahadi aka yi tawayen Kobkitanda da na Satiru a 1905 da 1906. Ke nan abin da Bayahuden ƙarni na farko yake ji in an ce mashiyah, wato fata da tsoron hukuma da ƙanshin tawaye, Bahaushe yana jinsa ne a wata kalma dabam. Musulmi da Kirista suna iya cewa Almasihu a zama ɗaya, kowa ya gyaɗa kai, ba tare da sun faɗi abu ɗaya ba.

To, da an fassara fa? Shafaffe ita ce fassarar kai tsaye, amma shafa mai a Hausa kwalliya ce ko magani, kuma a bakin ƴan jarida shafaffu da mai su ne ƴan lele da hukuma ke fifitawa. Abin da ya yi daidai da zuba mai a al'adarmu shi ne naɗin rawani. Naɗaɗɗe, ko naɗaɗɗen sarki, zai sa amsar Bitrus ta zama magana mai nauyi, ya kuma bayyana dalilin da ya sa gwamnan Rum ya tsoma baki a shari'ar. Ba mu ce a tsige Almasihu daga littafin ba, domin ta riga ta zauna a addu'a da waƙa. Muna ganin dai a wuraren da take mataki na (1) ya kamata a raka ta da bayani a cikin jimla, kamar yadda Yahaya ya yi wa masu karatunsa.

4. Ubangiji

Nan ne masu fassara suka fi dacewa, ko da yake ba su tsira duka ba. Kalmar Helenanci kuriyos tana da faɗi uku. Ana kiran baƙo da ita don ladabi, ana kiran mai bawa ko mai dukiya da ita, kuma a tsohuwar fassarar Helenanci kamar yadda ta iso gare mu, ita ce ke tsayawa a madadin sunan Allah mai haruffa huɗu wanda Yahudawa ba sa furtawa. Koyarwar Kirista ta ginu ne a kan haɗuwar faɗi na biyu da na uku. A Romawa 10:13 Bulus ya ɗauko ayar Annabi Yowel da ke magana kan kiran sunan Allah, ya ɗora ta kan Yesu. Haka Filibiyawa 2:10-11 ta yi da wata ayar Ishaya 45. Iƙirarin cewa Yesu kuriyos ne shi ne mafi gajarta kuma ɗaya daga mafi tsufa cikin furucin bangaskiyar Kirista.

Ubangiji harɗaɗɗen suna ne: uba, da mahaɗi -n, da giji, tsohuwar siffar gida. A ma'anarsa ta zamantakewa yana da tamata da jam'i, uwargijiya da iyayengiji, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham duk sun san shi da ma'anar mai bawa. A ma'anarsa ta addini kuwa shi ne ke fassara Rabbu, ba shi da tamata, ba shi da jam'i. Wato Hausa da kanta ta riga ta yi tafiyar da kuriyos ta yi, daga mai gida zuwa Mai duka. Da wuya a sami dacewa irin wannan tsakanin harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba.

Matsalar tana ga faɗi na farko. A Hausar yau ubangida ya gaje ma'anar zamantakewa, Ubangiji ya kusa keɓanta ga Allah, kuma ba wanda zai tare baƙo a bakin rijiya ya ce masa ya Ubangiji. A Yahaya sura 9, makahon da aka warkar ya kira Yesu da kuriye sau biyu: a aya ta 36 kafin ya san ko wane ne, da aya ta 38 bayan ya ba da gaskiya. Kalma ɗaya ce, nauyinta ne ya sauya, kuma a wannan sauyi armashin labarin yake. Mai fassara da Hausa dole ya zaɓa: ko ya sa Ubangiji duka biyun, ya sa wa mutumin bangaskiya a baki tun bai yi ta ba, ko ya sa Malam ko Maigida a farko, ya rasa amsa-kuwwar. A ganinmu na biyun ya fi, domin asarar salo ta fi asarar ma'ana sauƙi.

Wuri na biyu mai wuya shi ne Zabura 110:1, wadda Yesu ya yi muhawara da ita a Markus 12:35-37. A Ibrananci kalmomi biyu ne mabambanta, sunan Allah da kuma kalmar da bara ke kiran shugabansa. A Helenanci sun zama kuriyos biyu, a Hausa Ubangiji biyu. Faransanci ya nemi mafita ta hanyoyi uku: Segond ya sa l'Éternel a madadin sunan Allah, Bible de Jérusalem ta 1956 ta sa Yahvé, fassarar haɗin guiwa ta TOB ta rubuta SEIGNEUR da manyan baƙaƙe. Hanya ta uku ita ce ta fi jan masu buga littattafai, ita ce kuma mafi rauni a wurinmu, domin babban baƙi ba ya fita a baki. Za mu sake komawa kan wannan.

5. Ɗan Allah

Wannan ne laƙabin da ya fi tayar da hankalin mai sauraro Musulmi, kuma dalilin a fili yake. Suratul Ikhlas ta kore haifuwa daga Allah, Suratul An'am 6:101 ta danganta samun ɗa da samun abokiyar zama, Suratut Tauba 9:30 kuwa ta ambaci wannan furuci na Kirista ta yi tir da shi. Saboda haka ne wasu masu fassara a ƙasashen Musulmi suka gwada maye gurbinsa da kalmomi irin su ƙaunatacce ko wakili. Gardamar ta yi zafi a 2011 da 2012, har ƙungiyar majami'un bishara ta duniya ta kafa kwamiti, wanda a Afrilun 2013 ya ba da shawarar a riƙe kalmomin uba da ɗa mafi kusa da na asali. Fassarorin Hausa da muka duba ba su taɓa kauce wa ɗa ba, kuma muna ganin sun yi daidai, saboda dalilan harshe da za mu kawo.

A Tsohon Alkawari ɗan Allah ba ya nufin haifuwa ta jiki. An kira al'ummar Isra'ila haka a Fitowa 4:22, an kira sarkin gidan Dawuda haka a 2 Sama'ila 7:14 da Zabura 2:7, an kira mala'iku haka a Ayuba 1:6. Sabon Alkawari ya fara daga ma'anar sarauta, ya kai ta inda ba ta taɓa kaiwa ba, musamman a Linjilar Yahaya, inda Ɗa yake tare da Uba tun kafin halitta. Majalisar Nikiya ta 325 ta yanke, don ƙaryata Ariyus, cewa Ɗa ba halitta ba ne, zatinsa ɗaya da na Uba, haifuwarsa kuma ta azal ce, ba ta da lokaci ba ta da jiki. Majalisar Kalsidon ta 451 ta ƙara da cewa mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta allahntaka da ta ɗan Adam. Ke nan koyarwar Kirista ita ma tana kore aure da saduwa daga Allah, amma tana tabbatar da wani abu da Musulunci bai yarda da shi ba. Saɓanin na gaske ne, yana nan ko da wace kalma aka sa.

Yanzu mu dubi ɗa a Hausa:

(4) ɗan Mamman
(5) ɗan Tasawa, ɗan kasuwa, ɗan sarauta
(6) ɗan littafi, ɗan lokaci
(7) Wane ɗa ne.

A (4) haifuwa ce. A (5) asali ne ko sana'a ko rukuni, babu mai zaton kasuwa ta yi naƙuda. A (6) tsigalau ne. A (7) kuwa ɗa kishiyar bawa ne, mutum mai ƴanci da mutunci, kuma daga wannan saiwa ce Hausar yamma ta sami ɗiyauci. Larabci ya raba ibn, mai karɓar ma'anar aro kamar a laƙabin matafiyi, da walad, wadda ta fi manne wa haifuwa. Hausa ta tara su duka a kalma guda, ta ƙara da ma'ana ta (7).

Wannan ma'ana ta (7) ita ce masu sharhi suka fi mantawa da ita, ita ce kuma ta fi haska nassin. Yahaya 8:35 da Galatiyawa 4:7 da Ibraniyawa 3:5-6 duk sun gina hujjarsu ne a kan bambancin ɗa da bawa a cikin gida: wane ne mai gado, wane ne mai zama har abada. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. A ɗaya gefen, bawan Allah shi ne abin da muke kiran kowane mutumin kirki, kuma a Suratu Maryam 19:30 da wannan matsayi Annabi Isa ya fara bayyana kansa. Saboda haka in aka ajiye ɗan Allah kusa da bawan Allah, Hausa ta zana iyakar aƙidun biyu da kalmomi biyu na cikin gida, ba ragi ba ƙari. Abin sha'awa, Helenanci yana da kalma guda, pais, mai nufin yaro da bara duka, kuma Ayyukan Manzanni 3:13 da 4:27 sun kira Yesu da ita. Yaro a Hausa ma haka yake, yana nufin ƙaramin ɗa, yana nufin mai yi wa wani hidima.

Inda za mu soki fassarar 1932 shi ne wajen monogenes ta Yahaya 3:16. Ta sa haifaffe, tana bin al'adar Latinanci ta unigenitus, ta 1979 kuwa ta sa makaɗaici. Har yanzu masana Helenanci suna jayayya kan ko kalmar tana ɗauke da ma'anar haifuwa ko ta zama guda a irinsa. Ibraniyawa 11:17 ta kira Ishaku da ita, alhali Ibrahim yana da Isma'ila. Ko ma wane ɓangare ya yi rinjaye, haifaffe a Hausa tana jan kunne kai tsaye zuwa misali na (4), ta rufe sauran ƙofofin, ta sa mai sauraro ya ji abin da Nikiya da kanta ta kore. Gyaran 1979 ci gaba ne.

6. Ɗan Mutum da Kalma

Ɗan Mutum shi ne laƙabin da Yesu ya fi kiran kansa da shi, kusan sau 80 a Linjiloli huɗu. Asalinsa salon magana ne na Ibrananci da Aramiyanci mai nufin mutum kawai, kuma da shi ake kiran Annabi Ezekiyel sau 90 da wani abu. Amma a Daniyel 7:13-14 wani mai kama da ɗan mutum ya zo cikin gizagizai, aka ba shi mulki madawwami. Laƙabin yana lilo tsakanin ƙanƙan da kai da ɗaukaka, kuma a gaban babban firist, a Markus 14:62, ma'anar Daniyel ce ta jawo hukunci.

Hausa tana da abin da ya yi daidai da ben adam, wato ɗan Adam. Masu fassara sun guje shi, mai yiwuwa don ya cika zama gama-gari, suka ƙera Ɗan Mutum. Sai dai a kunne wannan yana faɗawa cikin misali na (6): wani ɗan mutum shi ne mutum ƙarami ko wanda aka raina. Abin da ke hana wannan fahimta a takarda shi ne manyan baƙaƙe biyu, waɗanda ba a jinsu a karatun jana'iza, ba a jinsu a rediyo, ba su kuma da gurbi a rubutun ajami. Tsofaffin kwafe-kwafen Helenanci su ma ba su bambanta babban baƙi da ƙarami ba, sai dai magatakarda sukan taƙaita sunaye masu tsarki su ja musu layi a bisa, wanda shi ma aikin ido ne. Al'ummar da yawancinta da kunne take karɓar nassi tana bukatar alamar da ke cikin jimla, alal misali madanganci ko nunau, kamar a ce Ɗan Mutum ɗin nan, don a ji cewa ana nuni ne ga wani sananne.

Kalma kuwa ita ce logos ta farkon Linjilar Yahaya. Zaɓin yana da jan hankali domin Suratu Ali Imrana 3:45 da Suratun Nisa'i 4:171 sun danganta Annabi Isa da kalima. Amma malaman tafsiri sun fahimci wannan da cewa an halicce shi ne da umurnin Allah ba tare da uba ba, kamar yadda 3:59 ta kwatanta shi da Adamu. Yahaya kuwa yana cewa logos ba a halicce shi ba, ta wurinsa ne aka halicci kome. Ita ayar 4:171 ɗin ta tara Almasihu da kalima a wuri guda, kuma a cikinta ne aka kore ɗa daga Allah. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarayya a kalma ba tarayya a ma'ana ba ce. Ga mu masu nazarin harshe akwai wata damuwa: kalma a Hausar makaranta ita ce guntun da ke tsakanin fili biyu a rubutu, alhali logos ta fi kusa da magana ko zance.

Inda fassarar 1979 ta nuna gwaninta shi ne wajen jinsi. Kalma tamata ce, muna cewa kalmar nan ta yi tsawo. Masu fassarar sun ba ta ɗafin -n da lamirin namiji. Wasu ɗalibanmu sukan ɗauki wannan kuskure ne, amma ba haka ba ne. Hausa tana da sunaye masu ƙarewa da -a waɗanda jinsinsu ke bin wanda ake nufi: kakan Ali da kakar Ali, kurman nan da kurmar nan. Da aka sa Kalma cikin wannan rukuni, nahawu da kansa ya sanar da mai sauraro cewa ana maganar wani ne, ba wani abu ba. Faransanci bai sami wannan sauƙi ba: Segond ya riƙe la Parole da lamirin mace har aya ta 14, Bible de Jérusalem ta nemi le Verbe don ta sami namiji. Ga alama wadda ake ji da kunne, irin wadda muka ce Ɗan Mutum ya rasa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya raba laƙuban gida biyu. Almasihu da Kalma sun zo ta Larabci, kowa ya san su, amma kowane ɓangare da abin da ya zuba a ciki, kuma sanin da aka yi musu shi ke hana a tambaya. Ubangiji da ɗa na Hausa ne tun asali, faɗin ma'anarsu ya yi kusa da na kuriyos da na kalmar ɗa a harsunan nassi, shi ya sa suke isar da iƙirarin Kirista yadda yake, har da abin da ke cikinsa mai nauyi ga kunnen Musulmi. A ganinmu wannan ba aibi ba ne. Maƙwabcin da ya ji ainihin abin da ɗan'uwansa ya gaskata, ya ƙi shi da saninsa, ya fi wanda aka lallaɓa da kalmar da ya ɗauka tasa ce.

Shawarwarinmu ga masu sake duba fassara uku ne: a raka Almasihu da bayanin naɗi a inda take matsayin muƙami, a daina dogara da manyan baƙaƙe wajen rarrabe ma'ana, a kuma gwada kowane zaɓi da kunne kafin a kai shi maɗaba'a. Ga ɗalibanmu masu neman batun kundi kuwa, ga aiki nan a buɗe: a ɗauki waɗannan laƙuba biyar a karanta wa masu sauraro a Gobir da Adar da Damagaram, Musulmi da Kirista, waɗanda suka yi lakwal da waɗanda ba su yi ba, a rubuta abin da kowa ya ce ya ji. Abin da muka kawo a nan nazari ne daga takarda da ƙamus, sakamakon irin wannan bincike ne zai tabbatar da shi ko ya gyara shi.